Ajiyar da Goggo Na'iya Ta Bari a Jabo

Kebbe,
20 ga Afrilu, 2024

Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da iyalinka kuna lafiya, an kuma yi salla lafiya. Mu nan da godiya. Ƙafata ta hagu tana kumbura in rana ta yi, kunne kuma kullum ƙara nauyi yake. 'Yata Hamdiya ce ke ɗawainiya da ni tun rasuwar uwarta.

Shekara ashirin ke nan da ka buga littafinka a kan rayuwar mahaifiyata, Goggo Na'iya ta Jabo, da waƙoƙin da ta koyar da mata. Shekara ashirin ban ce maka komai ba, kuma da ka ƙyale ni da haka zan mutu. Amma Hamdiya ta ce ka kira wayarta, wai za ka sake buga littafin, kana neman hoton tsohuwa. Ba na magana a waya. Ba na jin abin da ake faɗa a ciki, kuma abin da aka yi mini da tawada, da tawada za mu yi maganarsa. Almu mai kawo gishiri da manja daga Tambuwal ranar kasuwa zai kawo maka wannan, shi za ka ba amsa in kana da ita.

Na ji littattafanka sun haura talatin. Na ga na marina, na ga na masu haƙar rijiya, na ga rayuwar mawaƙan da ka tono bayan kowa ya manta da su, ka wanke su ka sa musu riga. Hannunka yana da kyau, ban taɓa musu ba. Na yi hedimasta, na yi sufeton makarantu, na san jimla mai kyau in na gan ta. Wadda ka rubuta a kaina ma mai kyau ce. Ga ta nan, don kada ka sha wahalar buɗe littafi: "Ɗanta na fari kuwa, tun ranar da aka sa shi boko ta cire shi daga bakinta, har ta koma ga Allah ba a ji ta ambace shi a baiti ɗaya ba."

Ni ne ɗan farin. Kai ma ba ka sa sunana ba, ka bi sahunta.

Mu'awiya, ba daga Ingila ka zo ba. Kakanka wan Goggo ne, a Tambuwal aka yanke cibiyarka. Ka san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa in da mutane. Ka san da an yaye shi dangin uba ake miƙa wa, yadda aka miƙa ni ga ƙanen ubana a nan Kebbe ban ma iya magana sosai ba. Ni kaina Goggo nake ce mata kamar kowa. Duk ka san wannan. Sai dai kunya ba labari ba ce. Malama mai wa'azi da ta sallama ɗanta saboda boko, wannan shi ne labari, shi ka ɗauka.

Malamai suka riƙa karanta wa ɗalibai littafin. Wata rana a wurin jana'iza, wani da na koya wa haɗa baƙi, yanzu da furfurarsa, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ashe kai na wanda tsohuwa tab bari? Wallahi mun tausaya ma." Na ce masa na gode. Tun daga shekarar ban sake taka Jabo ba. Aure, suna, mutuwa, sai dai in aika.

Hoto babu. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba, ka fi ni sani.

Baffanka,
Maccido


Tambuwal,
2 ga Mayu, 2024

Baffa,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa. Allah ya ƙara sauƙi, ya saka wa Hamdiya. Mu nan lafiya, sai mai ɗakina da ke fama da hawan jini. Ƙafar nan a daure a nuna wa likita.

Ba zan yi maka gardama a kan zafin da ka ji ba. Zan dai faɗi yadda nake aiki. Ba na sa magana a littafi sai na ji ta daga baki biyu da ba su haɗu sun shirya ba. Ƙanwarka Lauratu, Allah ya jiƙanta, ta ce mini ranar da labari ya zo daga Kebbe cewa an rubuta ka makaranta, Goggo ta sallami matan da suka zo karatu, ta ƙi abinci, abin da aka ji ta ce kawai shi ne, "An ɗauke shi." Wata maƙwabciya ma haka ta faɗa mini. Sannan na tattara waƙoƙi sun fi sittin. Ƙanenka Bube yana da tasa, Lauratu tana da tata. Na san kunyar ɗan fari, Baffa. Amma na yi aiki a kan mata mawaƙa da yawa, mai kunya takan ɓoye ɗanta a cikin laƙabi, ta ce na gabas, ta ce mai sunan malam. Na nema a na Goggo ban samu ba. Abin da na samu na rubuta.

Ba hoton ne ya sa na neme ka ba, hanyar shiga ce kawai na yi da shi. Ga maganar.

Kafin azumi na koma Jabo wurin Inna Bara'atu, ɗalibar da ta tashi a ɗakin Goggo. Daga bakinta na karɓi fiye da rabin waƙoƙin, ita kaɗai ta rage cikin masu haddar. Ido ya yi rauni, amma kai garau. Da ta ji muryata ta ce, "Mai akwatin ɗaukar magana, ka dawo? Kai ba ka ƙoshi?" Muka yi ta bin tsofaffin waƙoƙi tana gyara mini inda na karkace. Na tashi tafiya ke nan sai ta ce, "Akwai guda da ban ba ka ba. Kuma ba ni ba ka."

Na koma na zauna.

Ta ce Goggo ba ta taɓa rera ta a taro ba. Sai in suna kaɗin auduga su biyu a ɗaka, an saki asabari, sannan take yin ta ƙasa-ƙasa, har Bara'atu ta haddace. A ciwon ajali ta ce mata, "Wagga ajiya ta. In mai ita ya zo da ƙafatai yat tambaya, ki ba shi. In bai tambaya ba, ki tafi da ita."

Na ce wane ne mai ita? Ta ce, "Kai da anka ce ka yi littafi talatin. Wane ɗa na uwa ba ta kiran sunanai ko tana mutuwa?"

Na ce to me ya hana ki aika masa? Ta ce, "Ba a ce in aika ba, an ce in jira. Na jira har jiki ya fara ƙi, shi yas sa nika gaya ma."

Na ce yabo ne a ciki ko fushi? Ta juyo da fuska wajena ta ce, "Kai am mai ita?"

Iyakar abin da na samu ke nan. Baffa, ka zo. Zan kawo mota har ƙofar gida, in kai ka in mayar da kai.

Ɗanka,
Mu'awiya Ɗangiwa


Kebbe,
19 ga Mayu, 2024

Mu'awiya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya ba mai ɗakinka lafiya. An yi yayyafi nan, wasu sun yi gaggawar shuka, ina jin za su sake. Likita ya ce in rage gishiri, na ce masa Almu zai ji haushi.

Na ga bakunanka biyu. Ranar da aka rubuta ni makaranta Lauratu tana goye a baya. Abin da ta ba ka ji ta yi, wataƙila ma daga maƙwabciyar da ka ƙirga ta biyu. "An ɗauke shi" kuwa, ai ɗauke ni aka yi. Mai unguwa ya zo zaɓen yara, wanda ba uwarsa a gidan shi aka fara miƙawa. Mace ta ce an ɗauke ɗanta, kai ka rubuta ta sallama shi.

Bari in ba ka abin da ba ka zo ka tambaye ni ba lokacin da kake yawo da akwatinka, ko da yake Kebbe ba bayan duniya take ba. In na je hutu daga kwalejin horon malamai, nakan durƙusa bakin ƙofarta in gaishe ta. Takan juya fuska ga bango ta ce, "Lafiya lau. A gaida mutanen Kebbe." Shi ke nan, kowace shekara. Da aurena ba ta zo ba. Da na samu hedimasta aka gaya mata, an ce ta ci gaba da kaɗinta. Kowane ɗaya cikin waɗannan, uwa mai kunya za ta yi shi. Uwa mai fushi ma za ta yi shi. Tuwon da ake kawo mini ya fi na Bube man shanu, har yana ƙorafi. Ko ita ke zubawa ko Bara'atu, ban sani ba. Na haura saba'in, abin da na sani tsakanina da ita ke nan. Kafin littafinka ina zaune lafiya da rashin sanin. Kai ka zo ka yanke hukunci, ka buga shi ka raba wa makarantu.

Ranar addu'ar uku ta Goggo na shiga cikin gida yin sallama, Bara'atu ta tsaya a gindin rumbu tana kallona. Na ɗauka baƙin ciki ne. Yanzu na gane jira take in tambaya. Ta yaya mutum zai tambayi abin da bai san an ajiye ba? Wannan ma irin aikin Goggo ne.

Ga sharaɗina. Ka cire jimlar tukuna, ka rubuta a gabatarwa cewa kuskure ce, ka aiko mini da shafin in gani. Sannan in je. Ba zan shiga Jabo a matsayin wanda uwarsa ta sallama ya zo roƙon shaida ba, mata suna leƙe ta katanga. Kuma ka duba yadda abin yake. In yabo ne a waƙar, ka samu sabon babi. In fushi ne, ka samu sabon babi, da hujjar cewa tun farko kai ke da gaskiya. Ni kaɗai ke da abin rasawa a ɗakin nan.

Ka gaida Bara'atu in ka je.

Maccido


Tambuwal,
10 ga Yuni, 2024

Baffa,

Gaisuwa mai yawa, da barka da ruwa. Nan ma an yi shuka. Mai ɗakina ta samu sauƙi, tana gaishe ka. Allah ya kai mu babbar salla lafiya.

Maganar Lauratu tana goye zan bincika. Amma ba zan iya cire jimla in ce kuskure ce ba alhali ban san kuskure ce ba. Masu mulki sun nemi in cire magana a kan kakanninsu. 'Ya'yan wani mawaƙi sun daina gaishe ni saboda na rubuta cewa ubansu ya yi roƙo kafin ya yi suna. Ban cire ba. In na cire taka don ta yi maka zafi, sauran littattafan duk sun zama abin da dangi suka yarda a faɗa.

Ga abin da zan iya. Ba zan shiga ɗakin ba. Ba zan kawo akwati ba. Ba zan tambaye ka abin da ke cikin waƙar ba, yau ko gobe. Ka shiga kai kaɗai ka ji. In ka fito ka ce mini "cire", zan cire a kan bakinka kai ɗaya, ba zan nemi na biyu ba. Ban taɓa yi wa kowa haka ba.

Inna Bara'atu ta haura tamanin, Baffa.

Mu'awiya


Tambuwal,
21 ga Agusta, 2024

Baffa,

Ina gaisuwa, ina fata ruwan nan bai yi muku ɓarna ba. Mu nan katangar bayan gida ta faɗi, ba wanda ya ji ciwo.

Tun kafin salla ban ji daga gare ka ba. Na kira Hamdiya ba sau ɗaya ba, na ce ta gaya maka Inna Bara'atu ba lafiya. Ta ce ta gaya maka, ka ce in rubuto. To ga shi na rubuto.

Zazzaɓi ne, ya tafi ya dawo. Kunu kaɗai take sha. Na je jiya. Anisa, matar ɗanta da ke jinyarta, ta ce duk wanda ya yi sallama a zaure sai ta tambaya ko na Kebbe ne. Da ta ji ni ne ta ce, "Kai kuma? Ba ka da aiki?" Na ce, Inna, ki rera wa akwati, ni in fita waje, in kai masa har gida ban saurara ba. Ta ce, "Akwati na da ƙafa?"

Ban ƙara roƙonta ba. Kai nake roƙo. Ka bar maganar littafi, a fasa buga shi ma in ka so. Ka zo.

Mu'awiya


Kebbe,
9 ga Satumba, 2024

Mu'awiya,

Gaisuwa. Mun yi asarar geron fadama, gidaje sun zube a bayan kasuwa. Namu yana tsaye.

Takardarka ta Agusta jiya ta shigo hannuna. Ruwa ya cinye hanya, Almu ya yi makonni bai zo ba, da ya zo kuma ta jiƙe a aljihunsa sai da Hamdiya ta shanya ta. Saƙon waya ta gaya mini tun lokacin. Na ɗauka dabara ce irin ta hoto.

Ta Yuni kuwa na karanta ta. Inda ka ce in na fito na ce ka cire za ka cire ba tambaya, a nan na tsaya. Na ce mutumin da bai cire wa masu mulki ba, ba zai yi mini wannan rangwame haka kawai ba. Na ce ta gaya maka abin da ke ciki, fushi ne, kana buɗe mini ƙofar da zan fito in yi ƙarya in rufa wa kaina asiri. A haka na karanta ta, a haka na zauna da ita duk damina. Jiya da na ga "Akwati na da ƙafa?" na san ba ta gaya maka komai ba. Wannan bakin Bara'atu ne.

Zan je da zarar babur ya iya wucewa. Kada ka kawo mota, ba za ta iso ba. Kada kuma ka biyo ni.

Maccido


Kebbe,
6 ga Oktoba, 2024

Mu'awiya,

Sallama. Ina fata kuna lafiya. Na dawo, ƙafar ta kumbura har gwiwa saboda zaman babur. An fara yankan gero, abin da ruwa ya bari.

Na je Jabo. Na san Anisa ta gaya maka, amma ba ta cikin ɗakin, don haka ga yadda aka yi.

Almu ya goya ni har inda hanya ta gyaru, na shiga bas zuwa Tambuwal. Na wuce ta bakin layinku ban tsaya ba. Daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ni. Ban gane garin ba sai da na ga tsamiyar bakin masallaci. Ba wadda ta leƙo ta katanga. Ba wanda ma ya san ni. Na yi sallama a zaure, Anisa ta fito tana goge hannu a zane, ta dube ni ta ce, "Kai na na Kebbe?" Na ce ni ne. Ta ce, "Sannu da hanya, Baba. Da dai wancan makon kaz zo."

Ta ce zazzaɓin ya sake ta har ta fara zama a tabarma. Sai wata safiya aka tarar ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, harshe ya tafi. Tana ji, magana ce babu.

Na shiga. Ɗakin Goggo ne, ashe a nan ta zauna duk shekarun nan. Ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai ranar. Anisa ta sunkuya ta ce mata, "Inna, ga baƙonki. Ga shi nan da furfuratai, ya fi ki tsufa."

Na zauna a ƙasa na ce, "Yaya Bara'atu, ni ne Maccido. Na zo da ƙafata. Ina tambayar ajiyata."

Ta ɗaga hannun hagu ta yi wa Anisa alama ta fita. Ta nuna asabari, aka sake shi. Sannan ta laluba ta kama wuyan hannuna, ta fara.

Murya tana fita, kalma ba ta fita. Na kai kunnena mai ɗan ji dab da bakinta, har ina jin numfashinta a kuncina. Sauti ne kawai yana hawa yana sauka. Inda baiti ya ƙare takan tsaya ta ja numfashi, ta kama na gaba. Ina jin ba ta tsallake ko ɗaya ba. Doguwa ce. Ban zaci za ta yi tsawo haka ba.

Karin na san shi. Kai ma ka san shi, ka yi bayaninsa a littafinka. Shi ne wanda Goggo ta ɗora waƙar auren Bube a kai. Shi ne kuma na waƙar azabar kabari. Kari uku ko huɗu gare ta duk rayuwarta, komai a kansu take zubawa.

Da ta gama ta saki jiki tana haki. Fuskarta irin ta wanda ya sauke kaya ce. Ina jin a wurinta ta ba ni, kalma da kalma. Ban ce mata ban ji ba. Na dai kewaya na ce, "Yaya, ashe fushi take da ni?" Ta matsa hannuna. Sannan na ce, "Ko kuwa ba fushi ba ne?" Ta sake matsawa, daidai irin na farko. Da na faɗa wa Anisa ta ce, "Hakanan taka yi ma kowa, ko ruwa kab ba ta."

Na tambayi Anisa ko ta taɓa jin waƙar, ita ko wata a garin. Ta ce, "Ni da nika kwana ɗakinta? In ta fara wani abu ƙasa-ƙasa naj juya, sai ta yi shiru."

Da yamma ta kawo mini tuwo, man shanu har yana malala gefen kwano. Na ce wannan ya yi yawa ga mai kumburin ƙafa. Ta ce, "Inna ta daɗe da gaya min, ran da na Kebbe yaz zo a cika mai man shanu." Na ce ita ta ce, ko ce mata aka yi ta ce? Anisa ta ce ba ta sani ba.

Na yi 'yan kwanaki ko bakin zai dawo. Kullum in na shiga sai ta kama hannuna ta sake yi daga farko. Daga baya na yi sallama na taho.

Maccido


Tambuwal,
28 ga Oktoba, 2024

Baffa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Bara'atu ta rasu ranar Juma'a da hantsi, mun rufe ta kusa da Goggo. Bakin bai dawo ba. Allah ya jiƙanta, ya ba mu haƙuri.

Na karanta takardarka. Masu ɗab'i suna jiran littafin. Alkawarina yana nan. Ai ka riga ka je da ƙafarka, ka shiga. Ka ce cire, in cire.

Mu'awiya


Kebbe,
10 ga Nuwamba, 2024

Mu'awiya,

Allah ya jiƙan Bara'atu. Na aika Hamdiya ta yi wa Anisa gaisuwa, ni ƙafa ba ta bari ba. An gama girbi. Ina fata kuna lafiya.

Alkawarinka shi ne in na ji in ce ka cire. Ban ji ba. Na yi shekaru ina hana yara rubuta amsar da ba su sani ba, ba zan fara yanzu ba. Ban san ko ta sallama ni ba, kai ma ba ka sani ba. Ka yi da jimlarka yadda aikinka ya ce. Na buɗe littafin jiya na karanta ta kamar a kan wani aka rubuta.

Abu ɗaya nake so ka ƙara a ƙarƙashinta. Yana da baki biyu, naka da nawa, kuma ba mu haɗu mun shirya ba. Kada ka yi masa ado. Ka kuma sa sunan, ni ba ɗanka na fari ba ne. Ka rubuta haka:

Goggo Na'iya ta yi wa ɗanta na fari, Maccido, waƙa guda, doguwa. Ta ajiye ta wurin ɗalibarta Bara'atu. Ya je karɓa bayan harshen Bara'atu ya shanye. Ya ji karin, bai ji kalma ko ɗaya ba. Bara'atu ta rasu a Jabo a watan Oktoba na 2024, ba wanda ya rage da ya san abin da waƙar ta ce.

Baffanka,
Maccido